Ratsin Muware a Matsayin Ma'auni: Hanyar Gano Jirkicewar Hoto a Monitar Kwamfuta

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda ake amfani da ratsin muware, wato ratsin da ke bayyana idan aka ɗora jerin layuka a kan wani jerin, wajen gane ko monita tana nuna hoto yadda kwamfuta ta aiko shi. Ta kawo lissafin da hanyar ta dogara a kai, ta taɓo yadda ake aiki da ita a monita mai ƙeya, sannan ta daɗe a kan monitoci fale-fale na yanzu. Hujjarta ita ce: a monitocin yanzu gilashin allo ba ya karkacewa, jirkicewar ta koma kan hanyar da hoto ke bi kafin ya iso allon, kuma ƙirga ratsin yana ba mai duba adadin kuskuren kai tsaye ba tare da ya sayi na'urar awo ba.

1. Gabatarwa

Wanda ya taɓa ninke gidan sauro riɓi biyu ya ɗaga shi wajen haske ya ga wasu manyan ratsi masu duhu da haske a jikinsa, alhali babu su a saƙar. Da an ɗan gusa riɓi ɗaya, sai ratsin su zabura su yi nisa. Wannan shi ne muware. Masu ɗab'i da masu ɗaukar hoto aibi suka ɗauke shi, kullum neman hanyar kauce masa suke yi. Masu awo kuwa sun daɗe da gane cewa zaburar nan tana da amfani, domin tana mayar da motsin da ido ba ya gani ya zama babba.

A 1874 Lord Rayleigh, masanin kimiyyar haske a Ingila, yana aiki a kan gilasan da ake tsaga wa dubban layuka sirara don rarraba launukan haske. Ya lura cewa idan aka haɗa kwafi biyu na gilashin fuska da fuska, ratsi kan bayyana, kuma duk inda ratsin ya karkace, to layukan wurin ba su tafi daidai ba. A shekarun 1920 Vasco Ronchi na Italiya ya yi amfani da jerin layuka wajen gwada madubai da tabarau. A 1956 John Guild na cibiyar awo ta ƙasar Birtaniya ya fitar da littafi a kan lissafin al'amarin, aka kuma shigar da hanyar cikin injinan sassaƙa ƙarfe don auna tafiyar kan inji. A 1970 Hiroshi Takasaki a Japan ya nuna yadda ake zana tudu da kwarin jikin abu da muware. Monitar kwamfuta, da yake ita kanta jerin layuka da ɗigogi ce, ba ta buƙatar a ƙara mata komai kafin ta shiga wannan sahu.

2. Lissafin

Ƙa'idoji biyu sun wadatar. Ta farko: idan jerin layuka biyu suka kwanta a jere, tazarar ɗaya a, ta ɗayan b, to tazarar ratsin muware ita ce a sau b, a raba da bambancin da ke tsakaninsu. A ɗauka an ɗora leda mai layuka a kan allo, tazarar layukan ledar milimita 1 ce, ta layukan allo kuma 1.01, wato hoton ya buɗe da kashi 1 cikin ɗari. Ratsi zai riƙa fitowa duk bayan milimita 101. Kuskuren da bai kai kaurin gashi ba ya zama abin da ake aunawa da rula ta 'yan firamare.

Ta biyu ta shafi karkata. Idan tazarar jerin biyu ɗaya ce amma ɗaya ya karkata, ratsin kan fito a gicciye, kuma suna ƙara matsewa gwargwadon girman kusurwar. Da tazarar milimita 1, karkatar rabin digiri tana ba da ratsi duk bayan kusan milimita 115, ta digiri 1 kuma duk bayan milimita 57.

Akwai hanya mafi sauƙi ta riƙe duka biyun a ka: kowane ratsi ɗaya yana nufin jerin biyu sun zame wa juna da layi ɗaya cif. Ratsi bakwai a faɗin allo, zamewar layi bakwai ke nan. Kusan duk abin da zai biyo baya a takardar nan a kan wannan jumla ya tsaya.

Abin da ratsi ba ya faɗa da kansa shi ne ko hoton buɗewa ya yi ko tsukewa, domin bambancin 0.01 iri ɗaya ne ko sama ko ƙasa. Maganin wannan a hannu yake. A ja ledar a hankali zuwa dama. Idan ratsin suka bi hannu, layukan allo sun fi na leda faɗi, hoton ya buɗe. Idan suka yi hagu, ya tsuke.

3. Monita mai ƙeya

A monita mai ƙeya babu fiksel da ke kafe wuri ɗaya. Bindigar ilektiron ce a can cikin ƙeyar take harbi, koyil na maganaɗisu yana karkatar da harbin layi bayan layi. Saboda haka siffar hoto tana hannun wutar da ke bin koyil ɗin. Gefuna kan lotsa ciki ko su kumbura waje, sama kan fi ƙasa faɗi, hoton kan jingina gefe, ko murabba'an tsakiya su fi na gefe girma idan kafasitar da ke daidaita tafiyar harbin ta tsufa.

A nan ledar awo take aiki. Ana buga layuka baƙaƙe a kan farar leda garai-garai irin ta majigin aji, a sa kwamfuta ta nuna layuka masu tazara kusa da tasu, a manna ledar a allon. Ratsi miƙaƙƙu masu tazara ɗaya suna nuna hoton bai jirkice ba, girmansa ne kawai ya ɗan bambanta da na ledar. Inda suka matse ko suka buɗe, tafiyar harbin ba ta yi daidai ba. Inda suka lanƙwashe kamar baka, gefen ya lotsa ko ya kumbura. Mai gyara yana juya maɓalli yana kallon ratsin suna miƙewa, wanda ya fi ɗora rula a kusurwa huɗu sauri nesa ba kusa ba.

Sai dai akwai sharuɗa biyu. Gilashin gaban irin wannan monita yana da kauri sosai, don haka akwai rata tsakanin ledar da inda hasken ke fitowa; da mai duba ya gusa kansa, ratsin sun gusa. Dole a tsayar da ido wuri ɗaya, daga nesa, daidai tsakiyar allo. Na biyu, ledar kanta abar tuhuma ce. Zafin firintar leza yana sa ta miƙe, firinta kuma ba ta jan takarda da sauri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. A buga biyu, a juya ɗaya kai ya koma ƙasa, a ɗora a kan ɗayar. In ratsi suka fito a karkace tun kafin a je ga monita, ledar ba ta cancanci zama alƙali ba.

Wani abu da ya shafe mu kai tsaye shi ne maganaɗisun duniya. A Jamus da Ingila layukansa suna nutsewa cikin ƙasa da kusurwar da ta haura digiri 60. A nan kuwa kusan a kwance suke, domin layin da ya raba duniya biyu ta fuskar maganaɗisu ya ratsa ta Najeriya. Masana'antu sun riƙa saita monita mai ƙeya gwargwadon yankin da za a sayar da ita, don haka wadda aka yi wa Jamus ko Ingila aka kawo ta gwanjo tana iya nuna hoto a gushe ko launi ya ɓata a kusurwa alhali lafiyarta ƙalau. Ko juya fuskarta daga gabas zuwa arewa kan ɗan karkatar da hoton. Shi ya sa ake gwada ta a inda za ta zauna, ta fuskanci inda za ta fuskanta. Haka nan idan aka ajiye sitabilaiza ko taransifoma kusa da ita, sai a ga hoton yana rawa: wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, monita tana sabunta hoto sau 60, bambancin 10 shi ne rawar. Lissafin ɗaya ne da na ratsi, sai dai a lokaci yake aukuwa maimakon a faɗin allo.

Wannan monita tana da nata muwaren na gida, wanda ke fitowa daga karon layukan harbi da farantin ƙarfe mai huji-huji da ke bayan gilashi, ko wayoyin tsaye na Trinitron da Sony ta fito da shi a 1968. Abin lura shi ne, monitar da harbinta ya fi siranta ita ta fi nuna shi. Maɓallin rage muware da masana'antu suka sa yana rage shi ne ta hanyar ɗan dusashe hoton. Mai saye da ya ƙi monita don ta nuna ratsi kaɗan a hoton gwaji, ya ɗauki wadda ba ta nuna komai, mai yiwuwa ya zaɓi wadda ta fi dishi-dishi.

4. Monita fale-fale

A allon LCD kowane fiksel a kafe yake tun daga masana'anta. Allo mai inci 24 da fiksel 1920 a faɗi yana da tazarar kusan milimita 0.277, kuma haka za ta zauna har ya mutu. Lotsawa da kumburi sun tafi. Wannan ya sa wasu ke ganin gwajin muware ya bi monita mai ƙeya kabari. A ganina akasin haka ne: yanzu ya fi sauƙi, domin ba a ma buƙatar leda. Allon shi ne jerin farko, hoton da kwamfuta ta aiko shi ne na biyu. Hoton gwajin kuwa ba wani abu ba ne illa layukan tsaye, baƙi fiksel ɗaya, fari fiksel ɗaya, daga gefe zuwa gefe. Idan kowane fiksel na hoton ya sauka a kan fiksel ɗaya na allon, za a ga toka-toka sumul. In ba haka ba, ratsi.

Me ya sa ratsin ke fitowa ɓaro-ɓaro, har a hango su daga bakin ƙofa, alhali ido ba ya rarrabe fiksel daga wannan nisan? Amsar tana cikin yadda allo ke mayar da lamba haske. Baƙi lambarsa 0, fari 255. Inda layukan suka sauka daidai, rabin fiksel suna ci, rabi a kashe, hasken wurin kashi 50 cikin ɗari ne. Inda suka zame da rabin fiksel, monita kan gauraya baƙi da fari ta ba kowane fiksel lamba kusan 128. Amma lamba 128 ba ta ba da rabin haske. A ma'aunin da aka saba, kusan kashi 22 take bayarwa, sai lamba ta kai wajen 186 kafin a sami rabi. Wurin zamewa ke nan ya yi duhu fiye da maƙwabcinsa riɓi biyu.

Hanya ta farko da zamewa ke shigowa ita ce wayar VGA, mai shuɗin kai da fil 15, wadda IBM ta fito da ita a 1987. Har yau ita ce ke haɗa ɗimbin kwamfutocin gwanjo da monitocinsu a ofisoshi da makarantu da cibiyoyin jarrabawar kwamfuta, waɗanda suka yawaita tun da JAMB ta koma jarrabawa ta kwamfuta gaba ɗaya a 2015. Wannan waya tana gaya wa monita inda layi ya fara da inda shafi ya fara, amma ba ta gaya mata inda kowane fiksel ya fara. Monita ce ke ƙiyasta yawan gutsuren da za ta yanka layin. A ƙa'idar VESA, hoto mai fiksel 1280 a faɗi da 1024 a tsaye, mai sabuntawa sau 60 a daƙiƙa, yana da gurbi 1688 a kowane layi idan aka haɗa da ɓangaren da ba a gani. Idan monita ta ƙiyasta 1698, ta yi kuskuren 10, kuma a ɓangaren da ake gani za a ƙirga ratsin tsaye bakwai zuwa takwas. Saitin da jerin umarnin monita ke kira Clock, wasu kuma Coarse, shi ke gyara wannan. Ana dannawa, ratsin suna raguwa suna faɗaɗa har na ƙarshe ya fice; in ƙaruwa suka yi, an bi hanyar da ba ita ba. Bayan nan sai saiti na biyu, Phase ko Fine, wanda ke tsayar da lokacin da monita ke ɗiban kowane fiksel. In bai daidaita ba, ba ratsin tsaye ake gani ba, sai wani yayyafi mai motsi a kwance a duk faɗin allon. Tsarin aikin yana da muhimmanci: wanda ya fara da na biyu zai gyara gefe ɗaya ne, ɗayan ya lalace.

Maɓallin Auto yana yin duka biyun da kansa, amma da abin da ke kan allo yake aiki. In aka danna shi a kan baƙin shafi ko hoto mai laushi, ba shi da gefen da zai kama, sai ya yi kame-kame. A danna shi hoton gwaji yana cike da allon. Tsofaffin masu gyara sun san wannan. Da yawa kan yi amfani da shafin kashe Windows 95 da 98, wanda ke lulluɓe allo da ɗigon baƙi ɗaya bayan ɗaya, a matsayin hoton gwaji na kyauta. Manhajoji irin su Nokia Monitor Test da DisplayMate sun zo da hotunan da aka tsara musamman don wannan.

Hanya ta biyu ita ce miƙa hoto. Wayar DVI ta 1999 da HDMI da ta biyo baya suna aika kowane fiksel da lambarsa, don haka matsalar ƙiyasi ta kau. Amma idan kwamfuta ta aiko hoto mai adadin fiksel da bai dace da na allon ba, monita za ta miƙa shi ya cika. Babban kuskure ba ya buƙatar muware: hoto mai faɗin 1024 a allo mai 1366 ya buɗe da kashi 33, da'ira ta koma ƙwai, kowa ya gani. Ƙaramin kuskuren ne ke wucewa. Alluna masu 1366 sun cika kasuwa, wasu kwamfutoci kuwa 1360 suke aikowa. Bambancin bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, ba wanda zai kama shi da ido, sai dai ma'aikaci ya riƙa cewa rubutu yana fita a wani wuri yana dushewa a wani. Hoton gwaji zai nuna ratsi 6. In 1280 aka aiko, 86. Adadin ratsin, a cire shi daga adadin fiksel na allon, shi ne faɗin hoton da ake aikowa. Sau da yawa tushen matsalar waya ce mai araha ko akwatin raba hoto da ba ya isar da saƙon EDID, wanda da shi monita ke sanar da kwamfuta ainihin adadin fiksel ɗinta.

Talabijin da aka mayar monita tana da nata hali. Da yawa suna datse gefunan hoto su faɗaɗa sauran, al'adar da suka gada tun zamanin talabijin mai ƙeya. In aka datse kashi 2.5 a kowane gefe na hoto mai 1920 da 1080, saura 1824 da 1026, waɗanda za a miƙa su cika allon. Sakamakon ratsin tsaye 96, kuma idan aka juya layukan gwaji suka kwanta, ratsin kwance 54. Kwamfuta tana cewa 1920, talabijin tana cewa 1920, duk gaskiya suke faɗa, amma hoton ya jirkice. LG tana kiran saitin da ke kashe wannan Just Scan, Samsung Screen Fit, Sony Full Pixel.

Ga mai son ganin komai a hoto guda, akwai hoton zobba masu cibiya ɗaya da ke ƙara matsewa yayin da suke nisa daga tsakiya, wanda injiniyoyin BBC suka yi amfani da shi wajen gwajin talabijin a shekarun 1970. Da yake ya ƙunshi kowace tazara a kowace fuska, duk inda aka taɓa hoton a hanya sai wasu zobba na bogi su tsiro a inda ba a zana su ba. Ya fi layukan tsaye bayani, amma karanta shi yana son ƙwarewa. Don aikin yau da kullum layukan sun isa.

5. Inda gwajin ke yaudara

Yawancin ƙarar da ake kai monita a kan muware, ba ita ta yi laifin ba. Wanda ya ɗauki hoton allo da wayar hannu ya ga ratsi masu launi, karon fiksel na allon ne da na kyamarar. Ya matsa gaba ko baya, za su canja. Da ido ake wannan gwaji. Haka kuma idan an buɗe hoton gwajin a burauza da aka zuƙo, ko Windows tana faɗaɗa komai zuwa kashi 125, ko manhajar kallon hoto ta rage shi don ya shiga taga, to an jirkita shi tun bai bar kwamfuta ba. A ajiye shi a tsarin PNG ko BMP, kada a tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, domin matsewar JPEG tana lalata layuka masu kaurin fiksel ɗaya. Wasu allunan LCD kan yi ƙyafta-ƙyafta a kan wani nau'in hoton ɗigo. Wannan daga yadda allon ke juya wutar fiksel ne, ba jirkicewar siffa ba ce.

Akwai kuma abin da gwajin ba ya gani sam: mataccen fiksel, launin da ya kauce, hasken baya da ya raunana, jinkirin allo a hoto mai motsi. Kowanne da nasa gwajin.

6. A ɗakin duba hoton asibiti

Inda jirkicewa ta fi zama abin damuwa shi ne monitar da likita ke karanta hoton ƙirji ko na ƙashi a kanta. A 2005 ƙungiyar masana kimiyyar na'urorin asibiti ta Amurka, AAPM, ta fitar da rahoton da aka sani da TG18. Ya ƙayyade cewa jirkicewar siffa kada ta wuce kashi 2 cikin ɗari a monitar da ake yanke hukuncin cuta da ita, kashi 5 a ta duba kawai. Hoton gwajinsa, TG18-QC, yana ɗauke da layuka masu kaurin fiksel ɗaya da biyu a tsakiya da kusurwa huɗu. Rahoton da ya biyo baya a 2019, TG270, ya mayar da hankali ga alluna fale-fale.

TG18 da rula ya ce a auna, kuma asibitin da ke son cika ƙa'ida rula zai yi amfani da ita. Amma don tantancewar farko ana iya mayar da iyakokin nan zuwa ratsi. Da ledar milimita 1 da aka daidaita da tsakiyar allo, buɗewar kashi 2 tana ba da ratsi duk bayan kusan santimita 5, ta kashi 5 duk bayan kusan santimita 2. Monita mai ƙeya da ratsinta suka matse fiye da haka a wani sashe, a janye ta a kira mai gyara. A allo fale-fale ba a ba da wannan rangwame, domin babu dalilin da zai sa fiksel ya kauce wa fiksel in an haɗa komai daidai. Adadin ratsin da ake karɓa sifili ne, a layukan tsaye da na kwance, kuma a maimaita gwajin duk lokacin da aka canja waya, ko katin hoto, ko aka sabunta manhajar da ke tuƙa shi.